Iyalinka Ta Sauka Lafiya

A Kaura jirgi yake ƙarewa. Duk wanda ya shiga daga Zariya, ya wuce Funtuwa, ya wuce Gusau, to in ya iso wurinmu dole ya fito ko yana so ko ba ya so, don gaba da mu babu layin dogo sai gonakin gero. Shi ya sa a zamanin da nake magana, lokacin Sakkwato ce uwarmu ba a kai ga yanka mana Zamfara ba, tasharmu ba ta rasa mutumin da ke tsaye da ƙunshi a hannu yana waige-waige. Wani barci ne ya ɗauke shi har ya wuce Gusau. Wani an ce za a tarbe shi ba a zo ba. Wani kuwa ko ka titsiye shi ba zai iya gaya maka abin da ya kawo shi ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗan goro ne. A jirgi huhunan goronsa suke zuwa daga kurmi, saboda haka duk ranar jirgi yana tasha. Sauran 'yan goro in sun je goro suke kwasowa. Nawa sai ya kwaso goro ya haɗo da mutum. Na kai ga gane shi tun daga zaure, don in shi kaɗai ne sallama yake yi ya shigo, in kuwa na ji dogon gyaran murya to na san an yi tsintuwa. Daga can zai ɗaga murya ya ce, "Uwar ɗiya, ƙara ruwa ga tukunya."

Ruwa kuwa ba shi ke zama tuwo ba, ni na san haka ko da shi bai sani ba. Ya taɓa kawo mini wani Bayarabe da ba ya jin Hausa ko ta sannu, muka yi kwanaki muna magana da hannu kamar kurame, daga baya aka gano Kano bawan Allah ya nufa, wani ya nuna masa jirgin Kaura. Ya taɓa kawo wani Buzu da ya zo tarbar ɗan'uwansa, ɗan'uwan bai zo ba, raƙuminsa ya cinye mini rabin danga. In na yi magana sai ya ce baƙonka annabinka. Ni kuma in ce to ya je ya gaya wa rumbu haka, ko ya ƙara cika. Na sha gaya masa shi ke kwashe lada ni ke shan hayaƙi. Ba ya musu da ni, mutumin nan. Sai ya ɓare goro ya miƙo mini ɓari, wai in sa a baki in huta da magana.

Wadda nake son in ba da labarinta cikin damina ta zo, gero ya fara fitar da kai. Ran nan na tashi da faɗa, 'ya'yana sun ishe ni, itace ya jiƙe ya ƙi kamawa, ga shi bayan la'asar na ji gyaran muryar nan. Na aje muciya na shirya maganganuna tsaf. Sai ga maigida ya shigo da akwatin ƙarfe a ka, shi da kansa, mutumin da ko buta ba ya ɗauka in akwai mai ɗaukar masa. Bayansa wata yarinya ce da mayafi irin na matan Zazzau, tana tafe a hankali, ciki ya yi gaba ita tana biye. Na dubi ƙafafunta na ga sun kumbura har takalmin ya nutse a ciki. Duk maganganun da na shirya na haɗiye su, na jawo mata tabarma.

Da ta sha ruwa ta huta, ta ba ni labari da Hausarsu ta gabas mai laushi. Mijinta malamin gona ne, an turo shi Badarawa ta ƙasar Shinkafi. Sunan garin ma ta riƙe shi ne don akwai wata unguwa mai irinsa a Kaduna. An aika masa cewa tana tafe ranar jirgi kaza, sai wanta da zai sa ta a jirgi ya yi jinkiri, ta biyo na baya. Ga alama mijin ya zo ya yi jira ya koma. Ita kuwa ta fito ta zauna a kan akwatinta, mutane suka watse, hadari ya haɗu, ba ta san kowa ba. Har ta fara tunanin ta koma cikin jirgin ta kwana, sai wani mutum mai jan baki ya tsaya daga nesa ya tambaye ta ko wani take jira. Mai jan bakin nan shi ne nawa, goro ya rine masa haƙora.

Na aika aka kira maƙwabciyarmu, wata tsohuwa ungozoma wadda rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo. Ta danna ƙafar yarinyar da ɗan yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta shafa cikin. Maigida daga bakin ƙofa ya ce gobe Alhamis kasuwar Shinkafi, akwai motoci, sai a sa ta a gaba kusa da direba. Tsohuwa ta juya ta yi masa kallon da ya sa ya ja da baya. Ta tambaye shi ko ya manta yadda hanyar Shinkafi take da damina, inda fasinja ke sauka su tura mota fiye da yadda mota ke ɗaukarsu. Ta ce wagga yarinya ba ta hawa komai sai ta aje abin da ta ɗauko. A nan magana ta ƙare, don ba a ja da tsohuwar nan a kan ciki.

Kafin magariba muna zaune muna tsinkar rama, na tambaye ta ɗiya nawa gare ta. Tambaya ce ta mata, ba da wata manufa ba. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Biyu, Yaya," ta ce. "Ba su kai suna ba."

Daga nan sauran ya fito da kaɗan-kaɗan. Na fari namiji ne, ta biyu mace, kowanne ya zo da kukansa lafiya, kowanne ya koma kafin mako ya zagayo. Ba a raɗa wa ko ɗaya suna ba. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, tsofaffin gidansu ne suka ce wannan karon ta sauya ƙasa, ta haihu nesa da ɗakin da ya ci mata biyu. Shi ne dalilin da ya sa mace mai cikin wata tara ta hau jirgi ita kaɗai. Na ce Allah ya raya wannan. Ta ce amin can ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada wani ya ji. Tausayinta ya kama ni har cikin ƙashi, ga nawa 'ya'yan da na wuni ina zagi suna ta guje-guje a tsakar gida. Ran nan ban ƙara ɗaga wa kowannensu murya ba.

Da safe maigida ya shirya zai tafi tashar mota ya ba da saƙo. Na bi shi har zaure na ce ya faɗi magana yadda za a gane. Ya ce haba, shi da Hausa aka haife shi, ba ni zan koya masa ba. Ya samu wani direban babbar mota da ya sani, mai zuwa cin kasuwar Shinkafi. Abin da ya gaya masa, kamar yadda shi da bakinsa ya maimaita mini daga baya yana kare kansa, shi ne, "Ka ce ma malamin gona na Badarawa iyalinshi ta sabka lahiya, tana gidana." Mu nan sabka muke cewa, amma duk tafiyar ɗaya ce.

To, kowa ya san sauka ba ɗaya ba ce. Matafiyi yana sauka, mai karatun allo yana sauka, farashin hatsi yana sauka da kaka, mace mai ciki ma tana sauka. Shi kuma direban nan jiya yana tasha, ya ga yarinyar zaune a kan akwati da cikinta. Ya tambayi maigida ko mai cikin nan ce ta jiya. Maigida ya ce ita ce. Direba ya ce masha Allahu, barka. Maigida ya ce barka kadai, ya dawo gida yana jin ya gama aiki. Bai ambaci jirgi ba ko sau ɗaya.

Daga baya mun bi sawun saƙon nan, don ni ba na barin abu a duhu. Direba bai shiga Badarawa ba, a kasuwar Shinkafi ya ba wani mai gishiri ɗan garin. Mai gishiri ya tsaya kwana wurin 'yan'uwansa, ya ba wata mai daddawa da za ta riga shi komawa. Kowa ya karɓa ya ga saƙon ya yi ƙaranci sai ya ɗan ƙara masa gishiri. Kafin ya isa kunnen malamin gona an samu ɗa namiji, ƙato, kuma wai hancinsa sak na ubansa.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina shanya a tsakar gida na ji kukan rago a ƙofar gida, sai sallama. Na matsa jikin zana na leƙa. Wani dogon mutum ne siriri, wandonsa ya sha taɓo har gwiwa, hannu ɗaya riƙe da igiyar wani farin rago mai baƙin ido, ɗaya hannun riƙe da ƙunshin goro. Goro fa, zuwa gidan ɗan goro. Fuskarsa kuwa sai murmushi take yi tana ƙoƙarin ɓoyewa.

A lokacin muna da wani baƙon a zaure, wani dattijo da ya makara jirgi ya bar shi, yana jiran na gaba. Yana kwance a lungu yana sharar barci. Maigida ya fito suka gaisa da malamin gona, gaisuwa mai tsawo, ya yi ta godiya. Sa'an nan ya sunkuyar da kai, irin na mai kunyar ambaton abin da ya fi so, ya tambayi mai jiki. Maigida ya ce da sauƙi, ƙafa ce dai ba ta saɓe ba.

"To, shi kuma baƙon?" in ji malam.

"Baƙo lahiya lau," in ji maigida. "Jiya ya tashi da malmala biyu na tuwo, ya bi da hura. Ga shi can shina kwana. Gobe in Allah ya so zai bi jirgi."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da ta malamin nan ta yi ba. Ya dubi maigida, ya dubi dattijon da ke minshari da gemunsa fari fat, ya dubi ragonsa. Ni da ke bayan zana na riga kowa ganewa, don na ga rago na ga goro. Dariya ta ci ƙarfina har sai da na zauna a ƙasa. Da na samu numfashi na ce daga inda nake, "Maigida, sabka iri biyu ce. Wacce ka aika?"

Sai na ji maigida yana salati a hankali. Aka warware zance, malam ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake ai ya riga malam masallaci, a yafe masa. Maigida kuma ya dage shi bai yi kuskure ba, Hausarsa daidai take, kunnen direba ne ya karkace. Har dattijon ya farka ya tambayi abin da ake yi wa dariya, aka gaya masa an zo raɗa masa suna. A nan muka ji yadda aka samu ragon. Mai gidan da malam yake zaune a Badarawa, wani manomi da ba su haɗa komai ba sai zaman tare, shi ne da jin labari ya shiga garke ya kwance ragon da yake turka ya danƙa masa igiya, ya ce baƙo ba ya yin suna hannu sake a ƙasarsu. Da ƙafa malam ya jawo shi rabin hanya, don gulbi ya kawo mota ba ta wucewa.

Ana cikin haka yarinyar ta ji muryar mijinta, ta yafa mayafi ta fito ƙofar zaure ta ciki don su gaisa. Ta durƙusa da ƙyar. Kafin ta buɗe baki ragon ya yi kuka. Ta ɗaga kai ta gan shi, ta ga goron, ta tashi ta koma ciki.

Na bi ta ina sauran dariya, na same ta zaune ta fuskanci bango. Na dafa ta.

"Ya kawo rago, Yaya," ta ce. "Can garin duk an ce na haifi ɗa. In wannan ma ya tafi, ina zan sa idona?"

Dariyar ta mutu a bakina. Abin da mu muka ɗauka abin raha, ita ta gan shi ne kamar an yi wa ƙaddara shisshigi. Sau biyu ana maganar rago a gidansu, sau biyu ba a kai ga yankawa ba. Yanzu ga shi an ɗaure mata shi a ƙofa tun abin bai zo duniya ba, zai yi ta kuka yana tuna mata.

Aka taru a zaure ana shawara, ni ina daga ƙofa. Tsohuwa ungozoma ta ce a fitar da shi daga gidan yau ɗin nan. Malam ya ce zai mayar, amma kowa ya san in ya shiga Badarawa da ragon nan a hannu, mutane za su fara yi masa ta'aziyya kafin ya yi bayani, kuma mayar da kyauta cin fuska ne ga wanda ya bayar. Sayarwa ma haka. Maigida sai sosa ƙeya yake yi, wai shi ma ragon ai baƙo ne, ya sauka gidanmu. Na ce masa ya yi mana shiru da zancen sauka, ta ishe mu haka.

Ni ce na yanke maganar, kuma har yau ban san daga ina ta zo mini ba. Na koma ɗaki na ce mata ta share hawaye, ragon ba nata ba ne. Na ce malaminta ya bar wa maigida, na layya ne, za mu turke shi sai Sallah, ba ruwanta da shi. Babbar Sallah kuwa a lokacin tana can nesa, ko azumi ba a yi ba. Ta dube ni. Ta san ƙarya nake yi, na san ta sani. Ta goge fuska da bakin mayafi ta ce, "To, Yaya."

Daga ran nan sunansa ragon layya. Malam ya kwana biyu ya koma bakin aikinsa, aka bar ni da dabba. Wannan rago Allah ya yi shi da ciki kamar na mai gidan da ya sauka. Ya cinye zogalena har saiwa, ya ci ganyen da maigida ke lulluɓe goro da shi, ya tauna gefen tabarmar sallata, ya taɓa haɗiye guntun sabulu ya wuni yana kumfa. Kullum ina zaginsa, kullum ina ba shi ruwa. Na ce da maigida tun da ya ƙare tsinto mutane ya koma tsinto dabbobi, saura kura.

Labari ya bazu a unguwa, da dariyarsa da abin tausayinsa, kuma ba wanda ya gaya wa matan unguwarmu yadda za su yi. Wata ta aiko da dusa, aka ce ga na ragon layya. Wata ta aiko da harawa. Sai kuma aka fara aiko da abin da ya fi ƙarfin rago. Matar mai faci ta aiko da damin itace busasshe, a tsakiyar damina da itace ke wuya, wai na ragon layya. Wata ta aiko da kanwa da gero. Bafillatanar da ke kawo mana nono daga wajen Kurya ta aje ɗan kwanon man shanu ta ƙi karɓar komai, ta ce a shafa wa rago. Har babbar tukunyar dafa ruwan wanka aka mirgino mana daga gidan liman. Na ce ikon Allah, ban san rago yana wankan jego ba sai bana. Ba wadda ta taɓa ganin yarinyar kafin ranar da ta sauko daga jirgi, kuma ba wadda ta ambaci haihuwa a gabanta. Ita kuma takan amshi kayan ta ce an gode, rago ya gode. Wata rana na fito da sassafe na same ta tsaye a nesa da turke tana jefa masa ɓawon wake, ta ga na gan ta, muka yi kamar ba a yi ba.

Naƙuda ta zo mata wata ranar da azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tsohuwa ta shigo a jiƙe ta kori kowa sai ni. Yarinyar nan ba ta yi ihu ba, sai dai ta riƙe hannuna har na ji ƙashin zai karye. Kafin la'asar ta haihu, kuma mace ce, saƙon Badarawa ya yi ƙarya ta biyu. Hancin kam ban ga na kowa a jikinsa ba, ɗan mitsitsi ne kamar na kowane jariri.

Wannan karon ban bar wa maigida saƙo ba. Na sa aka kira mini direban nan har ƙofar gida, na tsaya bayan zana na ce ya maimaita bayana: ta haihu, haihuwa ta jariri, mace, na gan ta da idona. Ya maimaita yana dariya, ya rantse wannan karon da ƙafarsa zai shiga Badarawa, ba mai gishiri ba mai daddawa. Ya kuwa cika alkawari. Malam ya iso a kan keken aro, hannu sake, bai yarda da kowa ba sai da ya ji kukan daga zaure.

Makon nan shi ne mafi tsawo da na taɓa gani. Ruwan wanka na tafasa safe da yamma, kunun kanwa ba ya yankewa, mata na shiga suna fita da barka, amma mai jego ba ta tare da mu. Idonta na kan ƙirjin jaririyar, yana ɗagawa yana sauka. In an ce kyakkyawa ce sai ta kau da kai. Ba ta yi mata wasa, ba ta kiranta da komai, ko 'yar nan ba ta cewa. Ragon kuwa ko wajen da yake ba ta kallo.

A tsakiyar mako jaririyar ta ƙi kama nono, jikinta ya yi zafi. Gidan ya yi tsit, har 'ya'yana da ba su san shiru ba suka koma zaure. Uwar ba ta yi kuka ba, sai ta ce mini a hankali haka ta biyun ta fara. Tsoro ya cika ni. Ragon ya ɗaga murya daga turke, na fita na kwance shi na ja shi zuwa gidan tsohuwa na ɗaure a can. Tsohuwa ta naɗe jaririyar a zane, maigida ya riƙe mana laima, muka tafi ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya duba cibiya, ya wanke, ya ba da wani magani na ɗigawa a baki, ya ce mu dawo in ba ta sauya ba. Muka wuni muka kwana a kanta. Washegari da hantsi ina tuƙa kunu na ji uwar ta kira ni da wata irin murya. Na shiga da gudu. Jaririyar ce ta kama nono tana ja kamar mai biyan bashin jiya.

Ranar suna tun da asuba ƙofar gidanmu ta cika. Na leƙa na ga 'yan goro, na ga masu dako na tasha, na ga direba, na ga manomin Badarawa da ya taso takanas ya ga inda ragonsa ya ƙare. Duk taron nan babu ɗan'uwanta ko ɗaya, babu na mijinta. Aka raba goro, na maigida, don na malam ya daɗe da bushewa. Liman ya yi addu'a aka shafa, aka faɗi suna, maroƙi ya ɗaga shi har cikin gida. Aka jawo rago daga gidan tsohuwa. Na ji maigida yana gaya wa mutane wai bana layya ta zo masa da wuri.

Tsakar gida ta cika da mata da guɗa, amma mai jego ba ta fito ba. Da aka shigo da kayan ciki na yanki hanta na soya da kaina, na barbaɗa yaji, na kai mata ɗaki. Tana zaune a bakin gado da jaririyar a cinya, an yi mata aski kanta sai ƙyalli. Na aje kwanon a gabanta. Ba ta dube shi ba.

"Yaya, an yanka?"

"An yanka. Ga hantar nan."

"An faɗi sunan?"

"An faɗa, duk unguwa ta ji."

Ta ce in sake faɗa mata. Na faɗa. Ta sunkuya daidai kunnen 'yar ta kira ta da shi, a hankali, kamar mai taɓa ruwan zafi da yatsa. Ta ɗan jira, ta sake kira. Sai hawayen da ta riƙe tun ranar da ta zo suka ɓalle, tana kuka tana kiran sunan, tana kuka tana kira, ni ma na zauna a ƙasa ina taya ta. Mun daɗe a haka har hantar ta huce, na ɗauki kwanon na fita in ɗumama mata.